Gidan Koko na Badun, Dukiyar Wa?

Duk wanda ya taɓa sauka Badun, ko fatauci ya kai shi ko ziyarar 'yan'uwa a Sabo, ba ya rasa hangen wani dogon bene da ya yi wa sauran gine-ginen unguwar Dugbe zarra. Shi ne Gidan Koko. Ba kokon da mu ke sha da ƙosai ba, kokon nan da Yarabawa ke nomawa a kurmi, a kai Turai a yi cakulan da shi. Hawa 26 gare shi, tsawonsa kuwa mita 105, watau kimanin ƙafa 344. An gama shi cikin 1965, kuma daga lokacin babu ginin da ya kamo shi tsawo a Nijeriya duka, sai cikin 1979 da aka gama benen NECOM mai hawa 32 a Ikko.

Abin da ya sa muka ɗauko labarinsa yau shi ne, mun lura duk sa'ad da wata hukuma ko wani kamfanin gwamnati ya fito da hoton benen da ya ke niyyar ginawa, tambaya ɗaya jama'a ke yi, "Hawa nawa?" In an ce ashirin a yi tafi, in an ce talatin a yi guɗa. Alhali kuwa akwai tambayoyi uku da suka fi wannan nauyi. Yaya aka tsara shi? Wa zai gina, wa kuma zai duba aikin maginin? Da kuɗin wa za a yi, kuma in an gama na wane ne? Gidan Koko ya yi shekara sittin a tsaye, ya ga daɗi ya ga wuya, saboda haka ya isa a yi karatu a kansa.

Mu fara da tsari. Maginanmu na gargajiya sun san in ana son katanga ta yi tsawo sai a faɗaɗa gindinta, tana hawa tana sirancewa. Wanda ya dubi abin da ya rage na ganuwar Kano, ko hasumiyar Gobarau ta Katsina, ya ga wannan da idonsa. Turawa ma da haka suka fara. A birnin Shikago na Amurka akwai wani bene da a ke kira Monadnock, wanda aka gama cikin 1891, hawa 16, na jan bulo. Kaurin bangonsa a ƙasa ƙafa 6 ne. Da za a ƙara masa hawa goma, da bango ya cinye ɗakunan ƙasa ƙaf. Amma a wannan birnin dai, shekara shida kafin nan, wani injiniya mai suna William Le Baron Jenney ya riga ya gwada wata dabara. Ya gina wa wani kamfanin inshora bene mai hawa 10, ya sa ginshiƙan ƙarfe suka ɗauki nauyin ginin, kamar yadda dirkoki ke ɗauke da rumfa, bango ya koma matsayin zana, kariya kawai. Daga wannan dabara duk dogayen benayen duniya suka samo asali, ko da ƙarfe zalla aka yi ginshiƙan, ko da kankare mai rodi a ciki.

Ginshiƙi kaɗai bai isa ba, don ba mai yarda ya taka matakala hawa ashirin kowace safiya. Abin da ya warware wannan shi ne lif, akwatin nan da ke hawa da mutane ya sauko da su. Da fari mutane tsoronsa su ke yi, kada igiya ta tsinke. Cikin 1854, a wajen wani baje koli a birnin Niyok, Elisha Otis ya hau kan dandamali aka ja shi sama, ya sa aka datse igiyar da gatari a gaban jama'a, dandamalin ya tsaya cak saboda birkin da ya ƙirƙira. Daga nan hankalin mutane ya fara kwantawa.

Sauran abubuwan da mai zanen gini ke fama da su ba a ganinsu a hoto. Akwai harsashi, wanda ƙasar wurin ke yanke hukuncin irinsa. Badun a kan duwatsu ta ke, tsibirin Ikko kuwa yashi ne da taɓo, sai an kafa turaku masu zurfi kafin a sami abin dogara. Akwai iska, wadda ƙarfinta ke ƙaruwa da tsawon gini. Akwai ruwa, don ruwan famfon gari ba ya hawa can ƙoli da kansa, sai da inji mai tura shi cikin tankuna. Akwai rana, wadda a ƙasarmu ita ce babbar abokiyar gaba. Maxwell Fry da matarsa Jane Drew, waɗanda suka zana gine-ginen farko na Jami'ar Badun, sun yi suna ne saboda sun gane haka, suka yi bango mai hudoji da baranda mai inuwa, iska na ratsawa. Wanda ya kwaso zanen gidan gilashi daga ƙasar sanyi ya kafa a nan, ya gina tanda, kuma sai ya biya kuɗin sanyaya ta har abada. Sa'an nan akwai wuta. Galibin tsanin motar kashe gobara ba ya wuce hawa goma, saboda haka duk abin da ke sama da nan sai ginin ya ceci kansa da kansa, da matakalar tsira wadda hayaƙi ba ya shiga, da bututun ruwa a kowane hawa.

Ma'anar wannan duka ita ce, kowane hawa da aka ƙara, an ƙara ɗawainiya ce wadda ba ta ƙarewa. Ɗakin soro in wutar lantarki ta ɗauke sai a buɗe taga a ci gaba da aiki. Amma akawun da ofishinsa ke hawa na ashirin, ran da lif ya tsaya, ranar aikinsa ta tsaya. Ya kamata mai son dogon bene ya san wannan tun zanen yana kan takarda.

Mu koma kan gini. Kamfanin Cappa da D'Alberto ne ya gina Gidan Koko. Waɗansu mutanen Italiya biyu suka kafa shi a ƙasan nan cikin 1932. A wancan zamani ba abin mamaki ba ne aiki irin wannan ya faɗa hannun baƙi, don masu ilmin daga cikinmu ba su taka kara sun karya ba. Makarantar farko ta koyon zanen gini a Nijeriya sai cikin 1952 aka fara ta a Badun, aka mai da ita Zariya cikin 1955, daga baya ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello. Yanzu kuwa muna da masu zane da injiniyoyi namu dubbai, da hukumomin yi musu rajista, har da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar cikin 2006. Uzurin rashin sani ya ƙare. Abin da ya rage shi ne gaskiya.

Aikin kankare aikin amana ne. In ɗan kwangila ya rage siminti ya ƙara yashi, ko ya sa siririn rodi inda aka rubuta mai kauri, da zarar an zuba an rufe, ba idon da zai sake gani. Don haka ne ƙa'ida ta ce a riƙa ɗibar samfuri daga kowane zubi, a ajiye kwana 28, a matse shi a inji a ga ƙarfinsa, a rubuta. Don haka ne kuma ba a yarda mai duba aiki ya zama yaron ɗan kwangila ba. Ran 1 ga Nuwamba 1921 ba mu da bene mai hawa goma a ƙasan nan, amma ran 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da a ke kan ginawa a Ikoyi ta Ikko ya rufta, ya kashe mutum fiye da 40, da yawansu leburori ne da suka fita neman abin sawa a baka. Gidan Koko kuwa, kamar yadda za mu gani, ya ci wuta tun daga sama, amma ginshiƙansa suka tsaya har aka gyara shi aka koma ciki. Wannan shaida ce ga waɗanda suka zuba kankarensa.

To, sai tambaya ta uku, wadda domin ta muka ɗauki alƙalami. Da kuɗin wa aka gina gidan nan? Sunan da aka fara raɗa masa da Yarabanci ya ba da amsa, Ile Awon Agbe, watau Gidan Manoma. Cikin 1947 Turawa suka kafa hukumar cinikin koko, cikin 1949 aka kafa ta gyaɗa da ta auduga da ta manja. Cikin 1954 aka sake tsari, kowace Jiha ta sami Hukumar Ciniki tata. Yadda abin ke tafiya shi ne, hukuma ta yanke farashi a farkon kaka, dillalai masu lasin su saya daga hannun manomi a kan wannan farashi, hukuma ta sayar a ƙasashen waje. Abin da ya haura a ajiye, da nufin wai in kasuwar duniya ta faɗi a tallafi manomi da shi. A shekarun da koko ya yi tsada ajiyan nan ta taru tuli, har Gwamnatin Jihar Yamma ta jingina da ita wajen manyan ayyukanta. A wannan zamani ne aka fara ilmin firamare kyauta cikin 1955, aka buɗe gidan talabijin cikin 1959, da filin wasa na Liberty cikin 1960. Gidan Koko ɗan wannan gida ne. A taƙaice dai haraji ne manomi ya biya, ko da ya ke ba a ba shi rasit ba.

Kuɗin da ba shi da rasit kuwa yana da saurin ɓatan kai. Cikin 1958 aka kafa wani kamfanin gidaje da filaye mai suna NIPC, wanda a takarda na waɗansu mutane ne 'yan ƙalilan, amma jarinsa rance ne daga Hukumar Ciniki. Bayan rikicin da ya sa aka kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma cikin 1962, aka naɗa kwamitin bincike a ƙarƙashin Alƙali Coker. Kwamitin ya ce fiye da fam miliyan 6 na Hukumar Ciniki sun shiga hannun kamfanin, kuma kaso mai tsoka ya zarce wajen harkokin jam'iyyar da ke mulkin Jihar. Har yau akwai masu cewa siyasa ce ta haifi binciken, don a karya Obafemi Awolowo. Ba mu zo raba wannan gardama ba. Abin da ba gardama a kansa shi ne, dukiyar manoma ta fita daga ma'ajiyarta ta shiga kamfanin da manomi ba shi da murya a ciki, ba kuma wanda ya sani sai da manya suka ɓata da juna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan binciken ne kadarorin suka koma hannun Jiha, ƙarƙashin kamfanin Wemabod, wanda sunansa ma daga sunan Hukumar Cinikin Yamma aka yanko shi.

Ku dubi kuma yadda Allah ke ikonsa. Awolowo, wanda a zamanin Firimiyarsa aka ƙulla shawarar gidan, yana kurkuku sa'ad da aka gama shi. Samuel Ladoke Akintola, wanda a hannunsa aka gama, bai cika shekara ba bayan haka aka kashe shi a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966. Shi kuwa manomi, a shekarar da gidansa ya kai ƙoli, a shekarar ce farashin koko ya faɗi warwas a kasuwar duniya, aka zabge abin da a ke biyansa. Ajiyar da aka ce don irin wannan rana aka yi ta, ta riga ta zama siminti da waɗansu abubuwa. Cikin 1968 da 1969 manoman ƙauyukan Badun suka yi bore a kan haraji da farashi, boren da a ke kira Agbekoya, watau manoma sun ƙi wahala. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Jihar da ta gina gidan ita ma ba ta daɗe ba. Cikin 1976 aka raba ta uku, Oyo da Ogun da Ondo. A nan shugabannin lokacin suka yi abin a yaba. Maimakon a yi wa dukiyar rabon gado, kowa ya ja tasa, sai suka haɗa ta a kamfani guda, Odu'a, suka zama masu hannun jari. Osun ta shigo da aka ƙirƙiro ta cikin 1991, Ekiti cikin 1996, aka karɓi Jihar Legas cikin 2018. Yau jihohi shida ke da kamfanin, hedkwatarsa tana cikin Gidan Koko, akwai kuma ɗakin adana kayan tarihi a can sama. Ita Hukumar Ciniki, uwar abin duka, an rushe magadanta cikin 1986. Ga silsilar ke nan, daga manomi zuwa hukuma, daga hukuma zuwa kamfani, daga kamfani zuwa wani kamfani, daga nan zuwa gwamnatoci shida. Jikan manomin da aka rage wa farashi ba shi da ko guntuwar takarda mai nuna yana da bulo ɗaya a wurin.

Saura labarin wuta. Cikin Janairu 1983 gobara ta kama benen NECOM a Ikko, duk ƙasa ta gani. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Shekara biyu bayan haka, ran 9 ga Janairu 1985, wuta ta kama Gidan Koko ta yi masa ɓarna ƙwarai. Ba a sake buɗe shi ba sai cikin Agusta 1992. Shekara bakwai da 'yan watanni gini mafi tsawo a Badun yana tsaye baƙi ƙirin, ba haya, ba aiki. Malamin lissafi ya iya ba 'yan makarantarsa wannan: hawa 26, wata 91, in kowane hawa yana kawo kaza a wata, nawa aka yi hasara?

Kada mai karatu ya ce wannan labarin Yarabawa ne, ina ruwanmu. Mu ma da gyaɗa da auduga aka yi mana haka. Dalar gyaɗan nan ta Kano da mu ke alfahari da hotonta, Hukumar Cinikin Arewa ce ke sayenta, ita ma ta riƙa ajiye rara, rarar kuwa ta taimaka wajen kafa kamfanin raya Arewa wanda yau a ke kira NNDC, mallakar jihohin Arewa 19, mai hedkwata a Gidan Ahmed Talib a Kaduna. Masaƙar Kaduna da aka buɗe cikin 1957 tana cikin abin da muka gada ta wannan hanya, ga shi tun 2002 injinanta suka yi shiru. Muna tambaya, cikin masu karanta jaridan nan mutum nawa ne suka taɓa ganin lissafin shekara na dukiyar da kakanninsu suka tara? Mutum nawa suka taɓa nema?

Ba mu ce gina Gidan Koko kuskure ba ne. Kuɗi da yawa na wancan zamani sun bi ruwa ba a ga ko kumfa ba, shi kuwa ga shi tsaye, ana haya, ana aiki. Ba kuma muna ƙin dogon bene ba ne. Inda fili ya yi tsada, kamar tsakiyar Ikko ko Abuja, hawa sama hankali ne. Abin da mu ke cewa shi ne, tsawo ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin ginin jama'a shi ne ko masu shi na ainihi sun san halin da ya ke ciki, ko kuma amfaninsa yana komawa gare su.

Saboda haka ga shawararmu ga duk hukumar da ke da irin wannan niyya. Da farko, kafin a aza harsashi a buga wa jama'a inda kuɗin zai fito, da abin da ginin zai ci, da hayar da a ke sa rai, da shekarun da zai yi kafin ya mai da jarinsa. In lissafin bai fita ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na biyu, a ba da kwangila a fili, mai duba aiki kuwa ya zama dabam da mai yi, a adana takardun gwajin kankare da zanen ginin inda wuta ba za ta ci su tare da ginin ba. Na uku, a keɓe wani kaso na haya kowace shekara don gyara da inshora da kayan kashe gobara, kada kowa ya taɓa. Iyayenmu ba su jira katanga ta faɗi, kowace shekara kafin damina sai an yi yaɓe an gyara indararo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na huɗu, a kai lissafin shekara gaban Majalisa, a kuma buga shi cikin harshen da talaka ke ji. Na biyar, wani abu daga ribar ya koma ƙauyukan da suka noma jarin, ko rijiya ce, ko aji, ko hanyar fito da amfanin gona.

Ku kuma ma'aikata, akawuna da ma'aji da masu riƙon rajista, kada ku ga abin ya fi ƙarfinku. A zamanin En'e an san baitulmali da littattafansa, kwabo bai fita sai da takarda, kujera ma tana da lamba a rajista. Duk binciken da aka taɓa yi a ƙasan nan, da takardar da wani ƙaramin akawu ya rubuta ya adana aka gano gaskiya. Inda ba a rubuta ba, ko aka bari gara ta ci, nan dukiyar jama'a ke salwanta. Malaman makaranta kuwa, in kun zo darasin ƙasa kun nuna wa yara hoton Gidan Koko ko na dalar gyaɗa, kada ku tsaya kan tsawo. Ku gaya musu wanda ya yi noman, da yadda kuɗin ya bi, ku koya musu cewa abin da a ke kira na gwamnati nasu ne, kuma mai abu yana da ikon tambaya.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, mu kuma ya ba mu idon lura da abin da aka bar mana. Amin.